Yajin Umma a Bursa

"Nazir, don Allah kada ka nuna masa takardar nan..."

Shifa ce ke magana ƙasa-ƙasa a ƙofar gidansu da ke unguwar Whalley Range. Nazir, wanda ya tuƙo mota tun daga unguwar Aston ta Birmingham da hantsi, ya yi murmushin nan nasa mai ba ta haushi, ya ƙara cusa takardar cikin aljihu.

Shekara biyu ke nan da kawunnansa suka zo daga Birmingham neman aurenta, aka kuma ba su. Ana shirin sa rana mahaifiyarta, Hajiya Kubura, ta rasu. Tun daga nan duk wanda ya ɗauko zancen, sai mahaifinta Dakta Maharazu ya ce a bari tukuna. Shifa ta san abin da ke cikin tukunan nan. Ita kaɗai ta rage masa a gidan, in ta tafi daga shi sai agogon bango. Tana son Nazir har cikin ranta, tana kuma tausayin Abbanta. Ga shi yanzu mahaifin Nazir ya gaji, ya ce in wata ya ƙare ba a sa rana ba, a bar maganar.

To, saurayi ba ya tunkarar suruki da zancen aure baki da baki, rashin kunya ne. Shi ne Nazir ya yo dabara. Ya shiga intanet ya kwafo jerin gidajen abinci goma na Bursa, tsohon birnin nan na Turkiyya inda Abba ya yi karatun likita, inda kuma ya kai Umma tana amarya. Wai shawara zai nema. Shifa kuwa tsoro take ji, don tun rasuwar ba wanda ya ƙara ambaton garin a gidan.

Ta laɓe a kicin da sunan dafa shayi. Tana jin Nazir ya zauna a ƙasa ya gaisa, ya yi ta kwana-kwana, sannan ya ce yana da niyyar zuwa Bursa wata rana, bai san inda ake cin abincin gargajiya na gaske ba.

Ta kasa kunne. Sai ƙarar takarda.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Online na gani, Abba. Duk five star ne."

Abba ya ja tsaki. "Waɗannan ai na tourists ne. Ba ɗan garin da zai ci a nan."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce a bi ta bayan babban masallaci, a wuce kasuwar siliki, a shiga lungu na biyu a hagu. Akwai wani shago mai tebur huɗu, ba shi da ko allon suna. A je kafin azahar, don da an sallame naman ya ƙare. Mai shagon zai yanka naman siriri ya shimfiɗa a kan gurasa, ya zuba romon tumatir, ya sa kindirmo a gefe, sannan ya zo da man shanu yana tafasa ya kwarara a gabanka. Shifa ta jingina da bango. Rabon da ta ji Abba ya yi magana mai tsawo haka har ta manta.

"Ranar da na fara kai Kubura," in ji shi, yana 'yar dariya, "ta ɗanɗana ta ce da daɗi, amma salam. Sai ta buɗe jaka ta fito da yajin da ta daka a Kano. Mutumin ya ɓata rai kamar an zage shi. Ta ce ya taɓa. Ya taɓa... Tun daga ranar duk zuwanmu sai ta kai masa kwalba ɗaya."

Hawaye suka zubo wa Shifa.

"Abba," Nazir ya ce a hankali, "ni ban san lungun ba. In ka yarda, tare za mu."

"Kai, wa ke jan tsoho zuwa yawon amarci?" Ya ɗaga murya kaɗan. "Shifa, fito. Kettle ɗin nan tun ɗazu ta tafasa."

Ta fito kanta a ƙasa. Abba ya juya bayan takardar, ya zana masallaci da kasuwa da lungu. A ƙasa ya rubuta Satumba, ya ja layi.

"A lokacin nan zafi ya ragu. Ka ce wa mahaifinka ya turo mutanensa ranar Asabar a sa rana."

Nazir ya sunkuyar da kai. Abba ya miƙe ya shiga kicin, ya buɗe durowar sama. Ya sauko da kwalbar yajin da Umma ta daka na ƙarshe, wadda shekara biyu ya hana kowa taɓawa, ya damƙa a hannun Shifa ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Ki kai wa mai shagon nan, Mamana, in yana raye. Ki ce masa mai yajin ta rasu, amma ga 'yarta ta zo da mijinta."