Baƙin Dutse a Akwatin Ƙuri'a

Shekara talatin da ɗaya ina share hedikwatar ƙungiyar 'yan mata da ke garinmu a jihar Oklahoma ta Amurka, amma ban taɓa zama 'yar ƙungiyar ba. Ina 'yar sha uku na nemi shiga. Al'adarsu, ana zagayawa da akwatin katako, kowace ta zura hannu a ɓoye ta jefa dutse a aljihunsa. Fari amincewa, baƙi ƙi, kuma baƙi ɗaya ya isa. Ni baƙi ya fito min. Har yau abin yana ci min rai, ba zan ɓoye ba.

Sai ga jikata Kaylee ita ma ta nace sai ta shiga.

"Kaka, kin ga rigunansu kuwa? Har ƙasa fa! Gobe za su yi min ƙuri'a."

"Riga ce ta ruɗe ki, uwar kwalliya?"

"Ke dai ki yi min addu'a."

Ban tsaya wata addu'a ba. Da rana ta kusa faɗuwa na ɗauki makullaina na haura zauren taro, niyyata in kwashe baƙaƙen duwatsun kaf, in ga ta inda za su ƙi ta.

Zauren yana warin kafur da man goge katako. Akwatin na kan teburinsa, duwatsun farare da baƙaƙe a cikinsa. Na tsince baƙaƙen guda shida, na dunƙule su a hannuna.

Ƙofa ta rufe a bayana, ƙyas.

Sai na ji shuu, shuu, ƙarar dogayen riguna suna jan ƙasa. Kujerun da ke jikin bango suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zama. Ban ga kowa ba. Ƙamshin hodar tsofaffi ya cika min hanci. Na san hodar nan. Ta Madam Opal ce, uwar ƙungiya a zamaninmu, wadda ni na share zauren nan ranar jana'izarta.

"'Yar gidan Pruitt," ta raɗa min a kunne, da sunan gidanmu. "An buɗe ƙuri'a. Kin san doka."

Na san ta. Duk wadda ke cikin zaure sai ta jefa, kuma ba a buɗe ƙofa sai an gama.

Ƙwas. Dutse ya faɗa aljihun akwatin.

Ƙwas. Ƙwas.

Ina kallo fararen suna raguwa, har babu ko ɗaya.

"Saura ke."

"Ai babu fari," na ce.

"Akwai na hannunki."

Na ruga na ja ƙofa, ko motsi. Sanyi ya kama ƙafafuna, ya hau gwiwa, ya kai ƙirji. Numfashina ya fara sarƙewa. Rigunan suna matsowa.

Na koma na jefa baƙi ɗaya.

Ƙofa ta buɗe da kanta, na gangaro matakala da rarrafe.

Washegari an duba aljihun akwatin kafin a fara, babu komai a ciki. Da aka gama, sai ga baƙi ɗaya a tsakiyar fararen. Na ajiye aikin a makon nan, ko ta titin ba na bi.

Kaylee ta zo ta kifa kanta a cinyata, ta yi kuka har ta gaji.

"Kaka, me na yi musu? Wace muguwa ce ta ƙi ni?"

Ina shafa kanta na ce, "Ba a taɓa sani, 'yar nan. Ƙuri'ar a ɓoye ake yin ta."