Sunan da Ya Biyo Bayan Aksel

Tun da Birthe ta ajiye waya ta ce Henning zai zo bikin baftisma, Preben ya san Lahadin nan ba za ta wuce lami lafiya ba. Abin da bai sani ba shi ne da bakinsa zai fara ɓata ta.

Henning shi ne mahaifin Tilde. Ya bar Birthe tun yarinyar tana koyon tafiya, sai bara ya dawo garin Lemvig da furfura, ya daina shan giya, yana neman 'yarsa. Preben kuwa makanikin injin jiragen kamun kifi ne. Shi ya auri Birthe, shi ya raini Tilde. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa Baba ba. Preben take kiransa tun tana ƙarama, bai kuma taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Yanzu ga Tilde ta haifi namiji. Kowa ya san sunansa na farko Aksel. Na tsakiyar ne ita da mijinta Esben suka rufe, sai a coci za a ji.

Ranar Alhamis ta shigo da jaririn ta ƙofar kicin, iska na biye da ita.

"Preben, ajiye kofin nan ka karɓi jikanka. Hannuna ya mutu."

Ya goge hannunsa a wando duk da babu maiko, ya karɓa. Ƙirjinsa ya cika. Duk faɗin gaɓar tekun nan babu yaro mai goshin wannan, ya riga ya faɗa wa kowa a gareji har sun gaji da ji.

"Kun tsayar da na tsakiyar?" Birthe ta tambaya tana yanka burodi.

"Mama, kin fara ko? Esben ya ce ko a mafarki na faɗa sai ya yi fushi da ni."

Preben ya yi gyaran murya. Kwana da kwanaki yana juya maganar a ransa. A ganinsa sunan ɗayansu za a saka wa yaron, nasa ko na Henning. Gara ya miƙa wa Henning da hannunsa, da a ƙwace yana kallo a gaban jama'a. Kuma ba ya son a saka sunansa don tausayi.

"Na gwada sunayen a bakin ruwa," ya ce. "Na tsaya na ƙwala kira cikin iska, kamar yaro ya ƙi dawowa cin abinci. Aksel Henning yana tafiya sumul. Aksel Preben kuwa... kamar an yar da sifana biyu a kan siminti."

Birthe ta daina yanka burodin.

"Wa ya tambaye ka?" Tilde ta ce a hankali.

"'Yar lele, ki fahimce ni. Jininsa ne. Mutumin ya dawo, ya gyaru, ba shi da kowa. Ni ba na bukatar..."

"Ba ka bukata."

"Ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Mai kaya ya dawo, shi ne kake mayar masa da kayansa? Ajiya aka ba ka?"

Ta karɓe jaririn, idonta ya ciko da ƙwalla. Ko rigar sanyinta ba ta gama sakawa ba ta fita.

Birthe ta dube shi ta girgiza kai. "Mijina, injin da ya nutse a teku kana tayar da shi. Amma kanka kam, ban ga mai gyara shi ba."

"Gaskiya na faɗa. Bai yi daɗin kira ba."

"Sha kofinka."

Tilde ba ta kira shi ba har Lahadi. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga.

A coci ya zauna a benci na biyu, kwat ɗinsa na bikin aure tana matse masa kafaɗa. Henning yana can gefe, shi kaɗai, riƙe da ƙaramar kyauta a naɗe. Suka gaisa da kai. Aksel na cikin doguwar farar rigar da aka yi wa Tilde baftisma da ita, an sauya mata zare shuɗi.

Da matar da ke fasto ta kira su gaban kwanon ruwan baftisma, kowa ya zaci ƙanwar Esben ce za ta riƙe yaron, domin wanda ya riƙe shi ne fasto ke tambaya suna. Sai Esben ya tsaya a bakin bencin Preben.

"Tashi, suruki. Kai ake jira."

"Ni? Ai ban san sunan ba."

"Za ka sani. Matata ta yi kuka har na rasa yadda zan yi da ita, don haka kada ka ƙara mini aiki."

Preben ya tashi ya bi shi. Tilde ta ɗora masa jaririn ba ta dube shi ba, ta gyara wutsiyar rigar, sannan ta matso kusa da kunnensa.

"Aksel Preben," ta ce. "Tun kafin a haife shi muka tsayar. Kalmar Baba ban san daɗinta ba. Amma duk ranar da na faɗo daga keke, duk ranar da na ji tsoro, Preben nake kira, kuma kana zuwa. Idan bai yi maka daɗin kira ba, ka yi haƙuri da shi haka."

Fasto ta yi murmushi ta tambaya, "Mene ne sunan yaron?"

Preben ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Cocin ya yi tsit, ana jin iska tana taɓa tagogi. Ya ga Birthe ta rufe bakinta da hannu. Ya ga Henning yana kallon ƙasa.

Fasto ta sake tambaya a hankali.

"Aksel Preben!"

Da muryar da yake kiran ma'aikata a cikin ƙarar inji ya faɗe shi. Jaririn ya firgita ya tsala kuka, wata tsohuwa ta saki littafin waƙarta, dariya ta ratsa benci-benci. Preben bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya tsaya ƙyam, hawaye na sauka a kan kwat ɗinsa, yana tallafe da kan yaron har aka gama zuba ruwan.

A waje Tilde ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Ka ji yadda ya fita?"

"Sifana biyu," ya ce yana share fuska. "Amma masu kyau ne. Irin waɗanda ba sa lanƙwashewa."

"Tsoho mai taurin kai."

"Ki yafe mini, 'yar lele."

"Sai ka canza masa ƙyalle tukuna."

Henning ya matso. Ya miƙa wa Tilde kyautar, ya taɓa ƙafar jaririn da yatsa ɗaya, sannan ya ba Preben hannu ya riƙe sosai.

"Ya dace da shi," ya ce.

"Ka zo gida," Preben ya ce, "akwai kofi da kek. An ajiye maka kujera."

Henning ya ce to, zai biyo su a motarsa.

An kafa tuta a ƙofar gida, an ci an sha, Preben ya zagaya da jikansa teburi-teburi yana faɗin sunan cikakke ga mutanen da suka riga suka ji shi. Kujerar nan kuwa ba ta samu mai zama ba. Ya hana Birthe ɗauke farantin da ke gabanta har baƙi suka watse.

Ko Henning ya yi zuciya ne ya bar garin, ko kuwa wuri kawai ya ba su na yini ɗaya, Preben bai sani ba har yanzu.