Sadakin Ruwan Sama

Ranar wata Juma'a Moushumi ta fara ganinsa. Liman ya ce kowane gida ya dasa itacen keora goma, irin wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, a bakin ganuwar ƙasar da ke tare musu kogi, don teku na ƙara hawa, guguwa kuma ta daina jiran lokacinta. Ta zo kawo wa mahaifinta shinkafa, sai ga wani saurayi tsundum cikin laka har gwiwa, yana yi wa ɗan itace magana.

"Yana amsa maka?" ta tambaya, kafin kunya ta kama ta.

"Ya fi mutanen ƙauyenku ladabi. Sunana Tuhin."

"To, sannu, Sarkin Laka."

Tuhin ɗan tsallaken kogi ne, ƙauyen da gishiri ya cinye tafkunansa. Shi ya kafa bututu a rufin masallacin ƙauyensu yana tara ruwan sama, shi ya haƙa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin shuke-shuke don kada ɗigo ya tafi a banza. Saƙonnin waya suka fara yawo tsakaninsu.

"Mou tawa, yau bakwai sun yi ganye. Ɗaya na sa mata sunanki, ita ce mai taurin kai."

"Ka ci abinci dai, Sarkin Laka. Itace ba ya dafa maka."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Gafur Mia, sai ya ture kwanonsa.

"Ba na ba da 'ya gidan da ruwansa gishiri ne. Ruwan nan ne ya kumbura ƙafafun uwarki har muka binne ta. Ga Shohag, ɗan Khala Jorina 'yar'uwar uwarki, yana ɗinki a birnin Dhaka, ɗakinsa da famfo. Ki bi shi ki tsira."

"Abba, in kowa ya tafi, wa zai tsare ganuwar? Kabarin Mama yana bayanta."

Ya tashi ya fita.

Khala Jorina kuwa ta baza labari a kasuwa cewa an gama maganar auren Moushumi da Shohag. Tuhin ya ji, ya turo saƙo ɗaya tak: "Allah ya sanya alheri. Can za ki sha ruwa mai daɗi." Ta kira, ta kira, bai ɗauka ba. Kwana tara tana kuka a bayan murhu tana cewa hayaƙi ne.

Sai guguwa ta zo. Ta kwashe rufi, ta kashe awaki, ta tumɓuke fiye da rabin abin da aka dasa. Ganuwar ta tsage a wuri biyu, amma ta wajen maƙabarta, inda saiwoyi suka riga suka kama, ta tsaya. Da Gafur Mia ya ga kabarin matarsa ya tsira, sai zuciyarsa ta yi laushi.

Da ruwa ya janye, Moushumi ta rubuta: "Ban tafi ko'ina ba, wawa. Abba na zuwa gidanku."

Gafur Mia ya hau kwalekwale ya tsallaka. Ya zauna a tsakar gidan da laka ta cika, ya ce a ba shi ruwa. Mahaifiyar Tuhin ta ruga ɗaki za ta ɗauko kwalbar kanti da ta ɓoye saboda manyan baƙi. Tuhin ya tare ta.

"A'a, Mama. Wanda muke sha za a ba shi."

Ya ɗebo daga tulu. Dattijon ya kurɓa, ya furzar.

"Wannan 'yata za ta sha?"

"Wata huɗu a shekara, Baffa, in tankin masallaci ya ƙafe. Ba zan yi maka ƙarya ba. Ban san ko ƙauyen nan zai kai shekara ashirin ba. Abin da na sani, gobe zan koma dashe."

Gafur Mia ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Idonsa ya yi ja.

"Ni ƙarya na yi wa surukina. Ruwan aro na ba shi ranar da ya zo ganin gidanmu." Ya share fuska da gefen mayafinsa. "Ba na son zinare. Sadakin 'yata tanki ne, babba, nata na kanta. Sai ya cika da ruwan sama za ta tare."

Suka jira wata bakwai. Damina ta makara, Moushumi kullum idonta a sama, Tuhin kuma ya sayar da kekensa ya sayi tankin, ya shiga aikin gyaran ganuwa. Ranar da tankin ya tumbatsa aka ɗaura aure a masallacin da har yanzu rabin rufinsa leda ce. Ba kiɗa, shinkafa da kifi kawai, jama'a a jiƙe.

Mahaifinta ya dafa kanta.

"Ki sha a hankali, Mou. Rani na da tsawo."

Tuhin ya miƙa mata ƙoƙon farko. Ta sha rabi, ta ba shi saura.

Allah ya albarkaci aurensu, ya raya abin da suka dasa, ya riƙe musu ƙasar da suke tsaye a kai.