Injin Gugguru a Gidan Ja'afaru

Wannan abu a Madina ya faru, wajen 1998, gidan wani direban motar alhazai a Bi'ir Ali, sunansa Ja'afaru. Wata rana ya dawo daga kasuwar gwanjo da wani tsohon injin gem. Ka san irin wanda kake juya sanda, ɗan biri a gilashi yana tare ƙwayar masara, in ka yi nasara sai gugguru mai zafi ya zubo a kofi. Don 'yarsa Zahra ya sayo, ita kaɗai gare shi.

Ana gab da magariba matarsa Sabuwa ta buɗe bayan injin, ta ga tukunyar ciki duk dauɗa, ta sheƙa mata tafasasshen ruwa. Ba ta yi bismilla ba. Can sai injin ya kunna kansa, alhali ko jona shi ba a yi ba.

Daga ranar Zahra ba ta ƙara riƙe abinci ba. Shinkafa, shayi, dabino, duk sai su dawo. Abin da injin ya zubo kawai ke zama a cikinta, shi ma sai in ita ta yi nasara da hannunta. Wuni guda tana tsaye, birin na zubar da masara, wani lokacin ƙwaya uku take samu. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Uban ya ɗauko guduma zai fasa injin, sai ga duwatsu na faɗowa tsakar gida, yarinyar ta zube tana riƙe haƙarƙari. Ya ajiye. Wallahi haka suka zauna suna kallonta tana ramewa, kwana goma sha ɗaya.

Aka kira Malam Issoufou, wani dattijo ɗan Agadas. Yana fara karatu Zahra ta ɗago, da muryar tsohuwa ta ce, "Ɗana na barci a tukunyar nan matar nan ta ƙona masa baki. Tun ranar bai sa komai a ciki ba. 'Yarta ma ta ɗanɗana."

Malam ya ce kuskure ne, ta ji tsoron Allah. Suka daɗe suna ja. Ƙarshe aljanar ta yarda za ta fita in an kai injin bayan gari, hanyar Badr, an bar mata shi har abada. Amma ta ce ba za ta tafi hannu rabbana ba. Malam ya tambaye ta me za ta ɗauka, ashe ta riga ta fita. A daren Ja'afaru ya kai injin can.

Washegari Sabuwa ta dama kunu. Zahra ta shanye kofi biyu, bai dawo ba. Uwar na kuka tana tambayarta ko sukari ya ji.

Zahra ta lashi cokalin, ta sake lasa, ta ce, "Ummi, ba na jin ɗanɗanon komai."