Baƙin Wake Bakwai

Rigimarmu ta farko mai sunan rigima, ni da Hinda, a kan wake aka yi ta. Shekara ashirin da uku da aure, kuma ina da furfura.

Na dawo daga lambu da hantsi na ji ƙamshin tafarnuwa da albasa tun daga zaure. Na leƙa rumbu, kwanon irina wayam. Baƙin waken nan da ƙwari suka bar mini bana, ɗan abin da bai cika tafi biyu ba, ta dafa shi da shinkafa.

"Hinda... irin ne fa. Babu wani bayansa."

"Na sani, Baban Na'ima," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Waken daga Kuba na zo da shi. Ina saurayi gwamnati ta tura ni karatun likita a Santiyago, na haɗu da wata budurwa, Odalis. Uwarta ce ta koya mini girkinsu: a soya albasa da tattasai da tafarnuwa, a zuba wake da ruwansa baƙi ƙirin, shinkafa ta sha kala. A gefe rogo, an kwarara masa mai da lemun tsami. Ko kuɓewa suna ci, sai dai ba su san tuwo ba, bayin Allah. Saboda ni tsohuwar ta daina sa alade a tukunyarta.

A shekara ta huɗu babana ya rasu, ya bar gona a Yekuwa da ƙanne shida. Na ce wa Odalis wata uku zan yi. Ta cusa mini wake a aljihu, ta ce in shuka kada in manta ɗanɗano. Ban zama likita ba, ban koma ba. Waken kaɗai na riƙe wa alkawari, kowane sanyi kunya ɗaya a lambu. Hinda ke dafawa, ni kuwa ina tsaye a kanta kamar jandarma, kada ta sa kanwa.

Ranar nan na faɗi maganar da ba ta dace ba. Na ce ba ta san darajar abin da ta ƙona ba.

Ta ajiye muciya. Ta ce ta san sunan matar tun satin bikinmu, na kira ta da shi sau biyu ban sani ba.

"Ni nake hura wutar, ita kake gode wa a zuci. Na gaji."

Kafin azahar ta hau amalanke zuwa Mallawa, gidan yayanta Sharifu.

Kwana uku ina cin gari da ruwa, ina jiran duniya ta ba ni gaskiya. Rana ta huɗu, wajen neman gishiri, na tarar da gora a ƙarƙashin gadonta, cike da toka. A cikin tokar baƙin wake ne, lafiya lau. Ashe duk shekara tana ɓoye iri, don kada wata rana in rasa.

Na juye waken a ƙwarya. Sannan na wanke shi duka, na hura wuta, hayaƙi ya ba ni uzurin hawaye. Na jefa kanwa da hannuna. Na ɗaure tukunya a bayan moto, wato babur ɗina, yaran Yekuwa suka samu abin kallo.

Sharifu ya dubi tukunyar, ya dube ni, ya tuna yana da aiki a kasuwa.

Hinda ta buɗe, ta ga tokar da ban wanke sosai ba, ta gane.

"Duka ka dafa?"

"Duka. Ki yafe mini, uwar gidana... ki dawo."

Ta ɗanɗana. Ta ce kanwa ta yi yawa, shinkafa ta caɓe, kuma wanda ya koya mini girki ya cuce ni. Ta ci loma ta biyu tana kuka.

Sai ta kwance haɓar zaninta. Wake bakwai, baƙaƙe.

"Waɗannan nawa ne," ta ce. "Ni zan shuka, ni zan dafa yadda na ga dama. In kana so, ka yi ban ruwa."

Guga na hannuna tun daga ranar.