Kitson Gwaggo

A can wani zamani an yi wata yarinya da ta tashi a hannun gwaggonta tun tana goye. Gwaggo ke mata wanka, Gwaggo ke mata kitso. Da tsufa ya zo, idon Gwaggo ya raunana, kitson ya soma fitowa a karkace.

Ranar jajiberin salla ƙawayenta suka yi ta mata dariya. Wata makitsiya ta ce, "Zo in tsefe miki, 'yata, in yi miki sabo."

Yarinyar ta shafa kanta, ta tuna yadda Gwaggo ta wuni tana laluben tsaga. Ta ce, "Na gode, Inna, a bar shi."

Da ta koma gida Gwaggo ta tambaye ta, "An ga kitson?"

Ta ce, "An gani, Gwaggo. Na gaya musu ke kika yi."