Makaɗin da Bai Waiwayo Ba

Ɗakin karatu Saffana take nema a jami'arsu ta Guangzhou a ƙasar Sin, sai wani kiɗa ya ja ta har bakin wata ƙofa. Ta leƙa, ta ga saurayi baƙar fata a gaban fiyano, yatsunsa na gudu kamar ana korar su.

"Ni hao," ta gaishe shi da Sinanci a kunyace.

"Sannu dai, 'yar Kano," in ji shi. "Lallen hannunki ya tona miki asiri."

Sunansa Abdulhakeem, Bazazzagi ne, kiɗa yake karanta. Ya ce mata wannan kiɗan da ta ji, wani gwanin zamanin da ne ya tsinto shi daga waƙoƙin ƙauyukan ƙasar Hangare. "A hankali yake farawa kamar mai ta'aziyya, sannan ya ɓarke da rawa."

Ita dai ko a taswira ba ta san Hangare ba, amma kullum da la'asar sai ta sake ɓatan hanya zuwa ƙofar nan, har soyayya ta kai su ga maganar aure.

Matsalar ita ce Abbanta, Alhaji Nababa, mai sarin kaya a kasuwar Shisanhang.

"Makaɗi maroƙi ne," ya ce. "Ba zan ba maroƙi 'yata ba. Ga Shitu nan, ɗan aminina."

Ta tura wa Abdulhakeem saƙo: "Masoyina, Abba ya ƙi. Tun safe na kasa cin komai."

Ya amsa: "Ki ci abinci, Fanata. Ran Asabar zan yi wasa a zauren makaranta. Ki lallaɓa shi ya zo ya gani da idonsa."

Alhaji kuwa ya zo, ya sha babbar riga, ya kame a sahun gaba. Ya raɗa mata, "Ki zuba ido. Da ya ga babban mutum zai juyo ya hau wasa ni."

Abdulhakeem ya fara a sanyaye, har idon Saffana ya ciko. Can kiɗa ya yi zafi, hannuwansa na tsalle daga wannan gefen fiyano zuwa wancan, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya gama ya rusuna, ya fice.

A waje Alhaji ya juyo ya dubi Saffana.

"Yaron nan ko kallona bai yi ba," ya ce.

Ta yi saurin cewa, "Abba, ka yi haƙuri..."

"Shekara talatin ina zuwa biki, ban taɓa ganin makaɗin da ya hango hulata bai waiwayo ba. Wannan aikinsa yake yi. Ki ce ya turo magabatansa."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura aure a Masallacin Huaisheng, 'yan kasuwa da ɗalibai suka yi ta sa albarka. Saffana na gida cikin ƙawayenta, godiyar Allah ta cika mata zuciya. Ta rubuta masa: "Angona, na gode da ba ka kalli Abba ba."

"Tsoro ne ya hana ni, amaryata. Da na kalle shi, da yatsuna sun sandare."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdulillahi. Allah Ka bar mu tare."